Lansir Ɗin Gwaggo Kande

Kun zo mini da waya a hannu kuna nuna mini hoton tsiro a faranti, wai kun gano sabuwar sana'a: a watsa iri, a yayyafa ruwa, kafin mako ya zagayo a yanka a sayar. Ɗayanku har cewa ya yi, "Iya, ai wannan ko barci kake yi zai fito." To madalla. Ni dai na tsufa a kanta, kuma ban taɓa ganin farantin da ya fito don mai shi yana barci ba. Tun ba a haife ku ba nake yanka lansir yana da ganye biyu a nan Habbena, lokacin da unguwar nan rabinta fili ne, ruwa kuwa sai an turo shi a kura. Tunda kun ce iri kuke so in ba ku, ku zauna ku ji labarin iri tukuna.

Sana'ar ba tawa ba ce, ta Gwaggo Kande ce, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama. Ba ta taɓa haihuwa ba, shi ya sa ko da na yi aure mijina ne ya tare a gidanta. Kakarta daga ƙasar Katsina ta taso da ƙafa za ta Makka, tafiyar ta ƙare mata a garin nan. Ba ta ga Ka'aba ba, ba ta koma gida ba. Abin da ta bar wa jikokinta shi ne irin lansir da ta ƙullo a bakin zane. Wannan iri shi ne arzikin gidanmu, ba mu da wani. Ganyensa ya fi na kasuwa faɗi, gindin karansa ja-ja ne, yajinsa har hanci yake hawa, kuma in ka yanka shi da safe yana kaiwa la'asar bai yi laushi ba. Ko a tsakiyar faranti ɗari aka ajiye shi zan nuna muku shi daga bakin ƙofa.

Aikina na farko wankin yashi ne. Gidan ƙarami ne, babu wurin lambu, don haka a faranti muke shuka: tsofaffin farantan tasa da aka huda da ƙusa, da jarkoki da aka raba biyu. Yashin daga bakin kogin Shari ake kawo mana shi. Sai in zuba a bahon ƙarfe, in yi ta cuɗawa ina tsiyaye ruwan har ya fita garau, in shanya a rana, in tankaɗe da rariya, sannan a gauraya da tsohon takin awaki wanda ya shekara ya koma gari. Gwaggo takan zo ta damƙi yashin ta sansana, ta zubar.

"Sake," ta ce.

"Gwaggo, ai ya fita."

"Ya fita a idonki. Sake."

Na yi lokacin sanyi guda cur ina wannan aiki ba a bar ni na taɓa iri da hannuna ba. Na yi kuka, na yi ƙunƙuni, na ce baiwa aka mai da ni. Sai da na ɗora nawa farantin a ɓoye da yashin da na wanke sama-sama, na ga yadda fumfuna ta rufe shi fari fat, tsiron ya kama ruɓewa daga wuya yana kwantawa, sannan bakina ya mutu.

Shuka ma kowane iri da halinsa. Hulba sai ta kwana a ruwa, in ba haka ba ta yi ta yi maka yanga. Lansir kuwa, da wani ganye mai yaji irinsa da ake ce wa jirjir, ranar da ka jiƙa su ka gama da su, don yauƙi suke saki su dunƙule kamar miyar kuɓewa, ba mai iya baza su. A bushe ake barbaɗa su a kan yashi mai damshi, kusa da kusa amma kada su hau juna. Sai a rufe da jiƙaƙƙen buhun garara, a ɗora wani faranti a kai, a danne da bulo. Ku da kuke tausayin iri, ku sani in ba a danne shi ba jijiyar ba ta kama ƙasa, tsiron ya fito dogo siriri ba ƙarfi. Ruwa kuma ba a kwara shi. Tsintsiya sabuwa ake tsomawa a ruwan randa a yarfa, kamar mai yayyafa wa tsakar gida kafin shara. Ruwan da ya sha rana a jarka dafa jijiya yake yi.

Sai kuma masu cin rabo. Kiyashi na iya kwashe faranti guda ƙwaya-ƙwaya kana tsaye kana hira, shi ya sa ƙafafun bencin da muke jera farantai suke cikin gwangwanaye da ruwa. Ƙadangare yana son kwanciya a kan damshi. Kazar maƙwabta in ta haura katanga ba ta ci da yawa, tonawa take yi ta watsar. Rana ita ce babbar abokiyar gaba: in ta haska farantin da hantsi ba zana a kai, kafin azahar ya zama kamar gashin da aka babbake. Da zafi ya shigo sosai kuwa sai a kife farantai, a zauna a ci abin da aka tara, in an tara.

Masu sayenmu na farko matan unguwa ne, masu kwaɗon lansir da ƙuli-ƙuli, da masu jego da ake dafa wa hulba. Waɗannan ba a arziki da su, ciniki ne na a ƙara mini kaɗan. Abin ya canja ne lokacin da baƙi suka yawaita a gari, gidajen abinci suka buɗe a unguwar Sabangali. Wani kuku mai suna Daniyel, mutumin kudu, yana sayen nama a wurin mijina a kasuwa. Ranar nan ya ga abincin da na aika wa maigidan da lansir a kai, ya tsinci ɗaya ya tauna, hawaye ya zo masa don yaji. Washegari sai ga shi a ƙofar gidanmu a kan babur.

Daniyel mutum ne mai wuyar sha'ani. Ba ya son ganye na uku ya leƙo, ba ya son ƙwayar yashi ko ɗaya, ba ya son a wanke masa, shi zai wanke. Da reza nake yanka masa, sama da yashi kaɗan, tun rana ba ta fito ba, in jera a kwano a kan jiƙaƙƙen ƙyalle, in naɗe ƙanƙara a wani tsumma in sa a gefe ba tare da ta taɓa ganyen ba. In na isa sai ya baza a kan farin faranti yana dubawa kamar mai neman ƙwarƙwata. Na taɓa leƙa abin da yake yi da shi: 'yan tsiraru yake ɗorawa a kan kifi, abin da ba zai ishi kwaɗon jariri ba. Na ce masa wannan rowa ce. Ya yi dariya ya ce masu ci da ido suke fara ci. Ni dai ban damu da yadda suke ci ba, tunda da cinikin Daniyel na yi wa ɗakin Gwaggo rufin kwano, da shi 'ya'yana suka yi makaranta.

Yanzu ga abin da wayarku ba ta gaya muku ba. Mai wannan sana'a yana yanka shukarsa tun ba ta yi fure ba. To ina zai sami irin baɗi? A bayan ɗakin Gwaggo akwai ɗan fangali guda, bai fi shimfiɗar tabarma ba, muna ce masa uwa. Shi ba a yanka shi ko wa ya mutu. Ana barinsa ya girma, ya yi farin fure, ya yi 'ya'ya, ya bushe a tsaye wajen ƙarshen sanyi, sannan a tuge a sussuke a kan zane. Abin da aka samu shi ne na shekara mai zuwa gaba ɗaya.

Kuma iri gora biyu ake raba shi. Babbar gora tana can ƙasan akwatin zannuwa, ba mai ganinta. Ƙaramar tana rataye a bayan ƙofa, kowa na ganinta. Irin da ke cikin ƙaramar an ɗan gasa shi a kasko, sama-sama, yadda launinsa ba zai canja ba amma ransa ya fita. In maƙwabciya ta zo roƙon iri, daga ita ake zuba mata. Ranar da Gwaggo ta nuna mini wannan na buɗe baki, ta ce in rufe.

"Maƙwabciya ta roƙe ki abu kina da shi, za ki ce babu?"

"A'a, Gwaggo."

"To ki ba ta ɗanye, baɗi ta zauna kusa da ke da farantinta, ku ci me? Haka uwata ta yi, haka kakata ta yi. Wadda ta karɓa don magani, gasasshe ma magani ne. Wadda ta karɓa don shuka, ta ce hannunta ne ba shi da kyau. Ba a yi faɗa ba, ba a ji kunya ba. Kuma wannan maganar mata ce, ko mijinki kada ya ji."

Haka ake yi, kuma ba gidanmu kaɗai ba. Mai daddawa tana da abin da take ɓoyewa, mai turaren wuta ma haka.

Cikin waɗanda suka zo roƙo akwai Ashta. Bafillatana ce, sa'ata, tana haya a gidan da ke jikin namu, mijinta yana bin shanu zuwa Najeriya ya daɗe bai dawo ba. Takan shigo ta zauna tana kallon yadda nake yarfa ruwa, ba ta cika magana ba. Wata rana ta durƙusa gaban Gwaggo ta ce tana son ta gwada, ko ta sami na sabulu. A lokacin Gwaggo ta tsufa, idonta ya yi hazo, amma aikin gasa iri ba ta yarda ta bar wa kowa ba. Ta sauko da ƙaramar gora ta cika wa Ashta tafin hannu, har da addu'a. Ashta ta yi godiya kamar za ta yi kuka. Ba a jima ba suka tashi suka koma can unguwar Butalbagar, ban ƙara jin ɗuriyarta ba. Gwaggo kuma ta rasu bayan 'yan shekaru, gorunan biyu suka dawo hannuna.

Muguwar shekara ita ce shekarar da faɗa ya shigo har cikin gari. Sanyi bai ƙare ba tukuna, uwa ta gama fure, 'ya'yanta na nan kore shar ba su ƙosa ba. Da safe muka fara jin ƙarar manyan bindigogi, kafin rana ta yi tsaka unguwa ta watse, kowa ya nufi gada zai haye kogi zuwa garin Kusiri. Ina fama da goyo da jan yara, na ɗaga murya na ce wa maigidan, "Malam, ɗauko gorar iri!" Ya koma da gudu ya fito da ita a cikin riga. Ban duba ba sai da muka haye, muka zauna a gindin wata katanga cikin dubban mutane. Ya ciro ta yana murna ya miƙo mini. Ƙaramar ce, ta bayan ƙofa.

"Ba ita ba ce?" ya ce. "Ai ita nake gani kullum kina zuba wa mutane."

Me zan ce masa? Shekara da shekaru muna ɗaki ɗaya bai san akwai wata ba. Na karɓa na ce ita ce.

Da ƙura ta lafa muka dawo, ƙofar gida a ɓalle. Ɓarayi sun ɗauke akwatin zannuwa ɗungurungum, da babbar gora a cikinsa. Na tabbata da suka buɗe suka ga iri wurgi suka yi da ita a wata kwata. Farantai sun bushe ƙurmus. Na zagaya bayan ɗaki ina salati. Ragunan da maigidan ya ɗaure zai yanka sun tsinke igiya don yunwa, sun cinye uwa har ƙasa, ko kara ba su bari ba. Na durƙusa na tankaɗe ƙasar fangalin nan da rariya, na share ɗaki lungu-lungu, ko zan tsinci ƙwaya. Abin da na samu bai cika cokali ba, kuma da na shuka ciyawa ce ta fito. Mutane sun rasa 'yan uwa a wannan shekara, don haka ban isa in yi kukan iri a gaban kowa ba. A bayan ɗaki na yi abina.

Da sanyi ya zagayo na shiga neman iri. Na kasuwar hatsi, wanda ake sayarwa don magani, rabinsa tsoho ne, ya fito jefi-jefi kamar gemun saurayi. Na kanti mai zuwa a 'yar takarda kuwa, in kun ga an rina shi ja ko shuɗi, guba ce aka shafa masa don ƙwari. Wannan na gona ne, ba a cin tsironsa, ku riƙe wannan ko kun manta sauran. Da ƙyar na sami wani marar rini, na shuka, ya fito. Ganye ƙanana, kara fari, ba yaji, kafin in kai Sabangali ya sunkuya. Daniyel ya tauna ɗaya ya dube ni.

"Mama, wannan ba naki ba ne."

"Nawa ne, daga farantina ya fito."

"Farantin naki ne, ganyen ba naki ba ne."

Ya karɓa don kunya, ya sake karɓa, sannan ya fara cewa yau ba baƙi, gobe ma ba baƙi. Ni kuwa na ci gaba da zuwa, don ban da wurin zuwa. Ranar nan na tarar da shi yana baza ganye a kan farin farantinsa. Tun daga bakin ƙofar kicin na ga jan gindin. Na matsa na ɗauki ɗaya na sa a baki, yajin ya hau mini hanci, ya zama kamar Gwaggo ce ta shigo ɗakin.

"Wa ya kawo maka wannan?"

Ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce wata mata ce daga Butalbagar, sunanta Ashta.

Washegari na yi wanka, na ɗaura zanen da ya rage mini mai kyau, na sayi goro da sukari, na hau motar Butalbagar. Ban sha wuyar samun gidan ba, kowa ya san gidan mai lansir. Na yi sallama na shiga, sai na tsaya. Farantai a jere a kan benci, ƙafafun bencin a cikin gwangwanaye, zana a sama, sabuwar tsintsiya a bakin randa. Duk abin da ta zauna tana kallo a gidanmu ta kwashe shi tsaf. A can gefe kuma ga fangali, ya fi namu girma, ya yi fure fari.

"Lale, lale, Am Sale!" ta ce, don da sunan ɗana na fari take kirana. Ta rungume ni, ta shimfiɗa mini tabarma, ta dafa shayi. Ta yi mini ta'aziyyar Gwaggo, ta jajanta mini ɓarnar da aka yi mana. Sai da muka sha shayi na yi ƙarfin hali na nuna fangalin.

"Ashta, wancan na gidanmu ne."

"Na gidanku ne," ta ce, ba ta ko ɗaga murya ba. "Allah ya jiƙan Gwaggo. Cikin tafin hannun nan da ta ba ni, 'yan ƙwayoyi ne suka fito, ba su kai yatsun hannu ba. Na yi ta kuka, na ce hannuna ne ba kyau. Sai wata tsohuwa ta sansana ragowar ta ce mini, 'yar nan, wannan ya ga kasko. Idon Gwaggo ya yi rauni a lokacin, na gefe-gefe wuta ba ta same su ba. Su na lallaɓa, ban yanka ko ɗaya ba, shekara bayan shekara, har suka zama abin da kike gani."

Na rasa inda zan sa idona. Amma yunwa ba ta bar ni na tashi ba. Na gaya mata gaskiya, na ce babu ko ƙwaya a gidanmu, irin da kakar Gwaggo ta ɗauko tun daga Katsina ya yanke a hannuna. Na ce ba don ciniki ba, ta riƙe Daniyel, ni dai in ga abin nan a bayan ɗakin Gwaggo. Ban taɓa roƙon mutum kamar yadda na roƙe ta ba.

"Haba, Am Sale," ta ce. "Maƙwabciya ta roƙe ni abu ina da shi, in ce babu?"

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta daɗe ba ta fito da 'yar gora, ta kama hannuna ta cika mini tafi har yana zuba, ta ƙara da addu'a, Allah ya sa albarka, Allah ya sa hannuna ya karɓe shi. Na kai hannun kusa da fuskata kamar zan shafa addu'ar. Ƙamshin kasko ne, ɗan kaɗan, wanda sai wanda ya sani zai ji. Na ɗago na dube ta, ita ma tana dubana, fuskarta a sake. Na ce na gode, Allah ya saka da alheri. Na ƙulle shi a bakin zane, ta rako ni har bakin titi.

Ga shi yau kuna tambayata iri. Abin da ke cikin kwalbar can na kanti ne marar rini, ku ɗiba, ɗanye ne, zai fito muku, ku kai wa wanda bai san lansir ba. Na gaske yana Butalbagar, kuma ba zai fito daga gidan nan ba.

Wanda Ashta ta ba ni kuwa, na san abin da yake, amma sai da na shuka shi. Na ce tunda wasu sun kuɓuce wa Gwaggo, ita ma wasu za su kuɓuce mata. Na wanke yashi kamar yadda aka koya mini, har ruwan ya fita garau. Na barbaɗa shi ƙwaya-ƙwaya a faranti mafi kyau, na rufe da buhu, na danne da bulo. Kullum da safe in ɗaga buhun in duba, in yarfa ruwa, in mayar. Na yi haka har sanyi ya wuce, zafi ya shigo, maigidan ya ce in kife farantin nan don Allah. Ko ƙwaya ɗaya ba ta fito ba. Ashta ba Gwaggo ba ce, idonta garau yake.